Yadda Na Nemo wa Inna Butar da Ba Ta Fashewa

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tabarma ya raga wa mai buzu, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Nomau, autan Tabawa, maƙerin tagulla, mutumin Birnin Daramdam da ke bayan tekuna, bayan duwatsun da ke bayan tekunan. Abin da zan ba ku labari idona ya gani, ƙafata ta taka, gemuna ma ya taɓa nasa rabon.

A garinmu ba zakara ke tashin mutane ba, gahawa ce. Butar da muka gada kaka da kakanni mai hawa biyu ce: ruwa a ƙasa, garin gahawa a kan 'yar rariya a tsakiya, a murɗe ta gam a ɗora kan murhu. In ruwan ya tafasa, tururi ya turo shi sama ta cikin garin, ya taru a bene baƙi ƙirin, ƙanshi ya cika gida. Wannan in an tashi da sa'a ke nan. In rariyar ta toshe, tururi ya rasa hanya, sai dai ka ji daram! Daga nan garin ya samo sunansa. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu ba su san sayen rufin ɗaki ba, da hantsi suke fita da kwanduna su tsinci marfin butocin da ya zubo musu. Duk birnin ba mai gira sai jarirai. Mariƙin butar kuwa ƙarfe ne, yana yin ja tare da gindinta, shi ya sa da gwiwar hannu muke gaisawa, tafin kowa a ɗaure yake da tsumma.

Mahaifiyata, Inna Tabawa, babu kamarta a dafa gahawa. Da kunne take gane lokacin sauke buta, da kunne kuma take gane lokacin gudu. To, tsufa ya zo. Ƙafa ta daina gudu, hannu ya kama rawa. Wata safiya ta ɗago butar da tsumma, hannun ya girgiza, marfi ya zame, tafasasshiyar gahawa ta kwararo mata a ƙafa har fata ta saluɓe. Wana Jatau ya ɗauke butar ya jefa cikin rumbu, ya rantse Inna ba za ta ƙara kusantar murhu ba.

Ƙafa ta warke, amma Inna ta juya fuska ga bango. A kawo mata gahawar wani, ta shinshina ta ture. Tuwo sai ta ɗan taɓa ta wanke hannu. Ran nan na durƙusa gabanta ina lallashi, ta ce, "Auta, ku kuna tsoron kada in ƙone. Ni kuwa ga ni nan ina hucewa a gabanku, ba wanda ya tsorata."

Na shiga maƙera na yi iya dabarata. Na naɗe mariƙi da tsumma, tsumman ya kama wuta. Na ƙara wa buta kauri, da ta tashi fashewa ta tafi da katangar maƙwabcinmu har da akuyar da ke jingine da ita. Da na ga basirar garinmu ta ƙare, sai na ciro butar Inna daga rumbu, na goya ta a baya da rawanina. Yaya Jatau ya ce, "Ina za ka da wannan annoba?" Na ce, "Duk inda ake shan gahawa da gira a fuska." Na fita ta ƙofar gabas.

Na ƙetare daji, na ƙetare fadama, na bi ayarin masu gishiri har takalmina ya zama labari, sannan na iso Ƙasar Dogon Mariƙi. Tun daga nesa na hango itatuwa dogaye sun gicciye sararin garin kamar saƙar gizo. Ashe mariƙan butoci ne. Mutanen nan sun ce maganin ƙuna shi ne nisa, saboda haka butar mutum tana unguwar rini, shi yana riƙe da ita daga unguwar mahauta. In ta tafasa sai mai shela ya hau soro ya ƙwala, "Wane, taka ta nuna!" Wane ya karkata hannu, gahawar ta zuba a finjalin wanda bai taɓa gani ba. Shi kuma ya zauna jiran ta wani, ko ta zo da zaƙi ko ta zo da ɗaci.

Ina tafe ina kallon sama, na yi tuntuɓe a bakin wani murhu. Don kada in faɗa wuta na cafki mariƙin butar da ke kai, dab da wuyanta, tana tsakiyar tafasa. Na kurma ihu irin wanda muka saba. Sai na ji shiru a hannuna. Na buɗe tafina, lafiya lau. Na sake kamawa. Sanyi ƙalau! Mariƙin ice ne. Mu a garinmu maƙera da masassaƙa ba sa ga-maciji tun wata rigimar kakanni da ba wanda ya tuna mafarinta, don haka ba a taɓa haɗa ice da ƙarfe a abu ɗaya ba.

Murna ta kwashe ni, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ai ba tsawon ne ke kare ku ba, icen ne! Ku yanke shi ya dawo taƙi ɗaya, kowa ya sha tasa!"

Kafin in rufe baki dogarai sun yi ram da ni, suka kwance goyona suka ga buta mai guntun mariƙi, wani har ya rufe wa matarsa ido. Aka kai ni gaban alƙali. Ya dubi butar, ya dube ni, ya ce tunda na ƙi tsawaita mariƙi, to hannuna za a tsawaita har ya kai abin da doka ta ce.

Ga yadda suke yi. Butar alƙali ta kai girman rumbu, mariƙinta ya ɗoru a kan ganuwar gari kamar sandan ma'auni. In ba ruwa cikinta, tana can sama, ƙarshen mariƙin yana ƙasa a gaban shari'a. Sai mai laifi ya kama ƙarshen, a ɗaure ƙafarsa a turke, a riƙa zuba ruwa a butar kaɗan-kaɗan tana sauka, shi kuma yana miƙewa.

Da aka kawo igiya na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Allah ya gafarta malam, hukunci ya yi daidai. Sai dai in aka ɗaure ƙafata, ita ma za ta miƙe tare da hannun. In ƙafa ta yi tsawo, hannu zai koma gajere a jikina, laifi ya dawo sabo fil."

Alƙali ya shafa gemu ya ce, "Wannan magana ce. To in ba a ɗaure ka ba, me zai riƙe ka a ƙasa?"

Na ce, "Nauyin laifina, Allah ya gafarta malam. Ai kai da kanka ka ce ba ka taɓa ganin mai nauyinsa ba."

Ya ce haka ne, ya faɗa. Ya sa a mayar mini da butata a baya don laifin ya cika nauyi, ya kuma ce a juye ruwan gaba ɗaya, don shari'ar ta sa ya makara bai sha gahawa ba. Aka juye. Buta ta yi ƙasa, ni na yi sama. Ƙarshen mariƙin ya ɓalle a hannuna, na wuce ganuwa, na wuce shaho, na ratsa wani gajimare na fito a jiƙe, ina rungume da guntun icena.

Cikin wani ƙaton akushin tuwo na faɗo, na nutse har wuya. Da na share miya daga idona sai na ga ina ƙolin wani dutse, ga wata dattijuwa zaune a kan buzu tana kallona, da loma a hannu. Ta ce, "Ɗan nan, in yunwa kake ji ai sai ka yi sallama." Ba ta rufe baki ba na ji ƙasa tana gurnani, tururi ya ɗaga ta sama da buzunta, ya yi fuuu ta gefe, ta dawo ta zauna daɓas, ta kai lomarta baki.

Sunanta Gwaggo Kuluwa, wurin kuwa Dutsen Huci. Cikin dutsen ruwa ne ke tafasa tun farkon duniya. Mutanen garin ba su san icen girki ba, a kan tsagar dutse suke ɗora tukunya. A ƙolin akwai rami guda, aikin Gwaggo shi ne zama a kansa. In mai zaman ya cika nauyi, tururi ya rasa mafita, dutsen ya fashe da gari duka. In ya cika sakayau, tururi ya tsere, tuwon kowa ya ƙi nuna. Shi ya sa ake ciyar da ita da lissafi. To, 'yarta ta haihu a wani ƙauye can gindin dutse, begen jika ya sa Gwaggo ramewa, har an fara cin ɗanyen wake a garin.

Da masu kawo abinci suka gan ni, suka ce sama ta aiko da magaji. Suka sallami Gwaggo, suka kewaye ni da akusa. In na ce na ƙoshi, su ce ba ƙoshi ake nema ba, nauyi ake nema. Da na yi ɓul-ɓul aka ɗora ni kan ramin.

Jama'a, na ga ilimi iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya shige ni ta ƙasa ba sai wannan. Gurnani ya taso, in tashi sama, tururi ya fita, in dawo. Ana cikin haka na tuna butar da ke bayana. Ashe ita ma abin da ta rasa ke nan: ɗan rami a jikinta, da wani ɗan abu mai nauyi zaune a kai kamar Gwaggo Kuluwa! Na yi ta dariya ni kaɗai a sama, mutane suna cewa sabon magaji akwai fara'a.

Amma buzu ba ya tare zafi, mazaunaina suka fara nuna, ga Inna can tana jira. Ran da Gwaggo ta hawo duba ni, da ƙanshin jariri a zaninta, na ce, "Gwaggo, don me ba a ɗora dutse a ramin nan ba?"

Ta ce, "Na faɗa musu tun ina da haƙora. Sun ce dutse ba ya amsa gaisuwa, su kuwa ba za su wuce ƙolin gari ba su gaida kowa ba."

Da rana ta take, kowa ya shige inuwa yana gyangyaɗi, muka mirgino wani dutse mai kai da kafaɗu. Muka gwada nauyinsa da nawa a kan wani katako, muka ɗan fasa gefe har ya daidaita. Gwaggo ta ɗaura masa tsohon zaninta, ta yafa masa mayafi, muka tura shi kan ramin, muka laɓe. Da la'asar wani dattijo ya zo ya rusuna ya ce, "A'a, Gwaggo, an dawo? Ina wuni?" Dutse ya ɗaga, ya ce fuuu, ya zauna. Dattijo ya juya yana ce wa na bayansa, "Kai, haihuwar nan ta gyara mata hali. Da can sai ta tsaya yi maka ƙorafin miya." Gwaggo ta so ta fito ta rama, na toshe mata baki. Muka gangara ta bayan dutse, ta nufi wajen jikanta, ni na nufi bakin teku.

Saura matsala guda, ita ce ta fi ci mini rai: ko buta ba ta fashe ba, ko mariƙi bai yi zafi ba, hannun Inna rawa yake yi. Masu jirgi suka ce in rawa nake nema in tafi Tsibirin Shaƙuwa, suka sauke ni a gaɓarsa suka juya da sauri.

Ina taka ƙasa ta yi tsalle, na kifa. Na tashi, ta sake. Tsibirin a bayan wani ƙaton kunkuru yake, shi kuwa shaƙuwa ta kama shi tun zamanin da ba a sani ba. Mutanen wurin da gwiwa a lanƙwashe suke tafiya, maganarsu a gutsure take fita. Wani tsohon maƙeri mai suna Barau ya tsince ni ina rarrafe, ya ja ni maƙerarsa ya dafa mini gahawa. Na zuba ido. Ƙasa tana tsalle, murhu yana tsalle, Barau yana tsalle, amma ko ɗigo bai zuba ba. Butarsa gindinta faffaɗa ne kamar faifai. Ban da mariƙin baya, tana da ɗan kunne a gaba, a kama da hannu biyu. Marfin a maƙale yake da ƙusa, yana buɗewa amma ba ya rabuwa da jikinta. Bakinta siriri ne, a lanƙwashe.

Na ba shi labarin Inna. Ya ce, "Hannu ka... kawai ke rawa? Ai tsohuwar nan lafi... lafiyarta ƙalau. Hura wuta."

Ƙira a tsibirin nan ba wuya. Riƙe guduma kawai za ka yi, ƙasa ce ke kawo maka uwar maƙera. Muka fara gwaji da wata tsohuwar butar Barau. Na huda gefenta, na ƙera ɗan dunƙulen tagulla na zaunar a bakin hudar cikin ɗan keji, na toshe rariyar da gangan, na ɗora a wuta, na sunkuya ina saurare. Ashe na cika wa dunƙulen nauyi. Daram! Gemuna ya tafi, har yau bai dawo duka ba. Barau, da bai taɓa ganin fashewar buta ba, ya yi ta tafi yana cewa a sake.

Na rage nauyi, na rage, har dunƙulen ya dawo kamar ƙwayar gujiya. Sannan na kwance butar Inna. Na faɗaɗa gindinta, na maƙale marfi, na gyara baki, na raba guntun icena biyu, rabi mariƙi, rabi kunne. Na toshe rariya, na ɗora, wannan karon na koma bayan Barau. Ruwa ya tafasa, buta ta fara gurnanin da na sani tun ina goye. Na runtse ido. Sai ɗan dunƙule ya ɗaga, tururi ya fito da wani siririn fito mai tsinin gaske, fiiiii, har cikin haƙori.

Kunkuru ya firgita. Shaƙuwa ta tsaya cak.

Ƙasa ta yi lum, duk mutanen tsibirin suka zube a lokaci guda, da masu tallan kifi da mai unguwa da limaminsu. Ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙasar da ba ta motsi. Da suka gane daga inda fiton ya fito, suka yunƙuro za su kama ni, amma duk wanda ya miƙe sai ya jira tsallen da bai zo ba, ya sake kifawa. Barau yana kwance rigingine ya ce, cikin magana miƙaƙƙiya da ta ba shi kansa tsoro, "Ɗauki butarka ka tafi, ɗana. Za mu ɗura wa kunkurun barkono, zuwa jibi shaƙuwar ta dawo. Ka gaida tsohuwa." Na ɗauki butata da hannu tsirara, na ratsa ta cikin masu bina ina yi musu sannu, na taka a hankali har bakin ruwa, na shiga wani jirgin masunta.

Da na iso gida na tarar Inna ta zama kamar kara a cikin zane. Na ajiye butar a gabanta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Auta, wa ya kumbura mini gindin buta? Wannan kunnen fa, na jin gulma ne?" Yaya Jatau ya ga ice a jikin tagulla ya ce na jawo wa zuriyarmu abin faɗe. Inna ta juya ga bango. Na kwana da baƙin ciki.

Gari na wayewa na ji ƙanshin gawayi. Na fito na same ta tsugune gaban murhu, ta riga ta ɗora. Ko'ina a birni ana ta daram, daram, marfi na gilmawa a sama. Jatau ya fito da gudu zai hana, na riƙe masa riga. Butar ta yi gurnani, ta yi ɗan fitonta, ta yi shiru, ƙanshi ya tashi. Inna ta miƙa hannu biyu suna karkarwa, ɗaya a mariƙi, ɗaya a kunne. Ta taɓa, ta janye, ta sake taɓawa. Sannan ta ɗaga. Butar tana rawa, Inna tana rawa, gahawa ta sauka siririya cikin finjali, ba ɗigo a ƙasa.

Ba ta kai ga kurɓa ba muka ji salati a ƙofar gida. Maƙwabta ne. Sun ga hayaƙin murhu ya tashi daga ɗakin Inna, sun kasa kunne ba su ji daram ba, ba su ji ihu ba, suka ce shi ke nan, ta Allah ta kasance, ruwan wanka ake ɗumamawa. Mata suka shigo suna kuka, maza suka jeru a zaure, wani har ya aika a fara haƙa kabari. Uwargidan maƙwabcinmu ta yaye labule tana share hawaye, ta yi ido biyu da Inna zaune da buta a hannu, ta ƙwala ƙara ta zauna a ƙasa.

Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, tunda kun zo, ba a zaman makoki da bushewar maƙogwaro. Jatau, kwaso finjalai. Auta, ƙaro gawayi, ka daina tsaya mini a ka kamar ban san aikina ba."

Ta dafa, ta zuba, ta sake dafawa. Masu ta'aziyya suka sha har rana ta yi tsaka, mai haƙa ma ya dawo da ƙasa a gwiwa ya karɓi nasa. Sai da kowa ya samu sannan ta zuba na ƙarshe, ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce a kawo mata tuwon jiya in da saura.

Nan tafiyata ta tsaya, nan bakina zai tsaya. Wanda ya ji ya ƙaru, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi.